Kifin Bature da Ciyawarsu

Abu ɗaya na sa a gaba a kakar nan: sikelin awon gyaɗa a kasuwar Kusada. Sikeli ɗaya ne, amma ga abin da ke rataye a jikinsa. Akwai rumfar da na riga na kafa na yi mata jinka. Akwai jakuna uku da na ƙi sayarwa da bazara duk da tsadar hatsin da aka sha. Akwai magidantan Bauranya da suka ba ni baki cewa gyaɗarsu ba za ta je ko'ina ba sai wurina. Abin da ya shiga tsakanina da sikelin nan kifi ne, kifin da babbansu bai cika tafin hannuna ba. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi.

Ni ba ɗan gidan kowa ba ne. Ubana manomi ne a Fakuwa, gero da dawa, in damina ta yi kyau a ci, in ba ta yi ba a yi haƙuri. Da tallan gishiri da kanwa na fara, a ka. Na sayi jaki, na shiga gyaɗa. Ina bin ƙauyuka da mudu ina saye, in ɗora wa jakuna, in kawo Kankia in zuba a sikelin wani. Wanda bai taɓa tsayawa gaban sikelin wani ba bai san takaici ba. Kai ka sha rana, kai ka taka ƙaya, shi kuwa yana zaune a inuwa, ya taɓa ƙarfe da yatsa ya faɗi abin da ya ga dama. Na gaji da tsayuwar nan. So nake ni ma in zauna.

A zamanin mulkin Turawa, kamfanonin sayen gyaɗa kan turo Baturensu da kaka ya zauna Kankia, bakin hanyar Kano zuwa Katsina. Wanda wani kamfani ya turo shekarar nan dogo ne, mai jan wuya, bai daɗe da zuwa ƙasar ba. Hausarsa ba ta wuce "kawo" da "maza-maza" da "babu kyau" da "ɓarawo" ba. Duk sauran magana sai ta bi ta bakin akawunsa, wani ɗan birni mai fensir a kunne. Da labari ya fito cewa kamfanin zai ba da sikeli a Kusada, mu biyu muka nema: ni da surukin akawun. Na san da haka tun farko. Ban damu ba, don gyaɗar da nake kawowa ta fi tasa nesa, Baturen kuma da idonsa yake gani.

Wata safiya na kawo kaya aka ce Bature na kirana cikin gida. Na cire takalmi na shiga. Bisa tebur, jikin taga, ga wani akwati na gilashi, tsawonsa ya kai kamu biyu, cike da ruwa garau. An shimfiɗa rairayi a ƙasansa da 'yan duwatsu. Daga Kano ya zo da shi a mota, naɗe cikin barguna. Ba komai a ciki sai ruwan. Baturen ya yi ta magana, yana nuna akwatin, yana kaɗa yatsunsa daga ƙasa zuwa sama kamar abu na tsirowa. Ya daɗe yana yi. Da ya gama, akawu ya juyo ya dunƙule mani maganar duka.

"Ya ce ka samo mashi ƙananan kifi masu kyan gani, da ransu. Da ciyawarsu."

Na ce, "Wace irin ciyawa, malam akawu?"

"Ta ruwa mana. Wadda suke so."

To, a ƙasarmu in mutum ya ce ka kawo mashi doki da ciyawarsa, ko ɗan yaye ya san abin da ake nufi. Ciyawa abincin dabba ce. Tun da nake ban taɓa jin wanda ya yanko ciyawa don ya zauna yana kallonta ba. Na ce an gama, ranka ya daɗe. Na fito ina murna, don na ɗauka wannan aike alama ce, mutum ba ya sa wanda bai yarda da shi ba hidimar cikin gidansa.

Bayan Tafashiya akwai wani tafki da ke riƙe ruwa har tsakiyar rani. Wani tsohon masunci, Bakabe, kan sauka bakinsa duk kaka. Da ya hango ni da jaki da tulu sai ya fara, don Kabawa abokan wasanmu ne, ba sa ganin Bakatsine su ƙyale.

"Kai Bakatsine, mi ya kawo ka bakin ruwa? Ko wankan shekara ya zo?"

Na ce, "Bawana, ajiye surutu. Kifi nake so, 'yan ƙanana, masu rai."

"Talaucin har ya kai ka ga 'ya'yan kifi? Bari su girma mana, in ba ka sadaka."

Da na gaya mashi na Bature ne, a gilashi za a sa su a riƙa kallo, sai da ya zauna ƙasa don dariya. Sannan ya jefa birgi, komarsa ta kamun kifi, ya tsamo mani 'ya'yan karfasa, masu jan ciki da zane-zane a gefe. Kyau kam suna da shi. Na tambaye shi wace ciyawa suka fi so. Ya shiga ruwa har gwiwa ya tugo wata mai laushi, ganyenta siri-siri kamar zare, ya haɗa da ɗanyen ganyen bado wanda bai kai ga buɗewa ba. Ya ce wannan ko sun ƙoshi sai sun taɓa. Na ce ita nake so.

Baturen ya yi murna ƙwarai. Ya naɗe hannun riga, da kansa ya riƙa dasa ciyawar cikin rairayin, yana danne saiwar da duwatsu, yana ja da baya yana karkata kai yana dubawa. Na ce a raina, ka ji Turawa, abincin dabba ma sai an dasa mata shi. Ya ba ni ɗan abin goro, na yi godiya na tafi.

Da na dawo da kayan gyaɗa na gaba aka sake kirana ciki. Ciyawa ta zama kara. Ba ganye ko ɗaya, sai tsinke-tsinke tsaye, wasu kifin sun tone su suna yawo bisa ruwa. Kifayen kuwa sun yi ɓul-ɓul. Baturen na nuna akwatin yana magana da ƙarfi. Akawu ya ce, "Ya ce ciyawa ta ƙare, ka kawo wata, maza-maza."

Na ji daɗi. Dabbar da ke cinye abincinta lafiyayya ce, kowane mai kiwo ya san haka. Na koma tafki na zaɓo wadda ta fi ta farko laushi. Suka cinye. Na sake kawowa, suka cinye. Haka muka yi ta yi, kullum Baturen na dasawa, kullum fuskarsa na ƙara ɗaurewa, kullum akawu na gaya mani abu ɗaya, ciyawa ta ƙare. Ni kuwa na ɗauka fushin na jinkiri ne, sai na ƙara sammako.

Ku duba lokacin da wannan ke faruwa. Gyaɗa ta fito, kowane ɗan kasuwa na cikin ƙauye da mudunsa, ni ina cikin taɓo har cinya ina tugar ciyawa. Matsattsaku sun sha jinina. Ƙishirwa ta sa na sha ruwan tafkin ba sau ɗaya ba. 'Yan kasuwar Kankia suka sa mani Sarkin Ciyawa, in na wuce su ɗaga hannu su ce a gaishe da sarki, ina dawakin ruwa? Matata ta ce, "Maigida, jakunanka na gida suna cin kara, kai kana can kana yi wa kifi turke." Na ce ta yi haƙuri, sikeli nake saye da wahalar nan.

Ran da abin ya fashe, ranar kasuwa ce. Barandar Baturen cike da mutane, masu kawo gyaɗa da 'yan dako, har da wasu dattawan Bauranya da suka zo jin inda maganar sikeli ta tsaya. Ya sa an fito da akwatin baranda don a canja ruwa. Na iso da sabuwar ciyawa a jiƙe cikin buhu, na duba, na ga wadda na kawo shekaranjiya babu ko alamarta. Sai na yi dariya, da zuciya ɗaya, na tafa hannu na ce, "Madalla! Sun cinye tas! Ranka ya daɗe, kifin nan naka akwai ci!"

Baturen ya dubi akawu. Akawu ya faɗa mashi wani abu da Turanci, gajere, yana murmushi. Na ga wuyan mutumin nan ya ƙara ja har kunne. Ya fizge buhun daga hannuna ya jefa tsakar gida, ya nuna ni da yatsa, ya yi amfani da ɗaya daga cikin kalmominsa huɗu.

"Ɓarawo!"

Ya sake faɗa. Dattawan Bauranya suka sunkuyar da kai. Ni da ban taɓa danne mudu da babban yatsa ba, ni da mata ke aiko mani gyaɗarsu daga cikin gida ba tare da sun auna ba, ni aka kira ɓarawo gaban mutane, a kan ciyawa. Na rantse da na bi zuciyata ran nan da a gidan yarin Katsina na ƙare. Na haɗiye, na duƙa na ɗauki buhuna, na zagaya bayan gida don kada kowa ya ga fuskata.

Kukun Baturen na zaune ƙofar madafa yana fere dankali. Dattijo ne, ya yi wa Turawa aiki tun ana yaƙi, yana jin maganarsu. Ya ce in zauna, ya miƙo mani ruwa.

"Kai kuwa mi ya sa kake kawo wadda suke ci?"

Na ce, "Baba, to wadda ba sa ci zan kawo? Ciyawa aka ce."

Ya ajiye wuƙa ya dube ni. "Wa ya gaya maka abinci ce? Abincinsu na cikin gwangwani, gari ne, da kansa yake barbaɗa masu. Ciyawar nan jere ce."

"Jere?"

"Jere, irin na ɗakin mata. Ka taɓa ganin an sauko da tasar jere an zuba tuwo? Ado ce. So yake ta tsaya kore, kifi na ratsawa, shi yana zaune yana kallo yana tuna garinsu. Tun ran farko abin da ya faɗa ke nan, ina jin shi daga nan."

Na ce, "To mi akawu ke gaya mashi?"

Ya waiwaya ya rage murya. Ya ce tun kawowa ta biyu Baturen ya ce a gaya mani in nemo wadda kifin ba sa ci. Akawu bai faɗa ba. Abin da yake gaya wa Baturen shi ne, da gangan na zaɓo kifi masu ci da ciyawa mai laushi, don in riƙa dawowa ina karɓar abin goro. Yau kuma ya ce dariya nake yi mashi, wai na ce Bature wawa ne.

Abin goron nan, wallahi, bai kai abin da nake samu a wuni ɗaya na sayen gyaɗa ba. A kansa aka ce na ƙulla makirci.

Ban tsaya kuka ba, ba halina ba ne. Na yi tunani irin na wanda ya tashi a gona. In akuya ta addabi shukarka, ko ka ƙosar da ita, ko ka shuka abin da bakinta ba ya so. In ta ƙi ji, akwai wuƙa. Na koma wurin Bakaben na ce yanzu wadda ba sa ci nake so.

Ya ce, "Ka ji Bakatsine. Jiya mai daɗi, yau mai ɗaci. Baturen ne ya haukace ko kai?"

Na ce, "Mu duka. Shiga ruwa."

Ya tugo mani wata mai kaushin ganye da ke fitowa a gefen tafki, tana da tauri kamar kaba, ya ce karfasa na taɓa ta sai ta tofar. Ya haɗa mani da 'ya'yan kurungu biyu, masu gashin baki, ya ce su ba ruwansu da ganye, ƙasa suke bi, wani lokaci ma su kife ciki sama suna iyo. Ya ce manyan karfasar su ne masu tonon rairayi, in ba a fitar da su ba ko ƙaya na dasa sai sun tuge. Da na koma gida na iske matata ta dafa zogale za ta yi kwaɗo. Na ɗebi ganyen, na ɗaure da zare a jikin ɗan dutse.

Na jira ran da akawu ya tafi Katsina kai takardu. Na roƙi Baba kuku ya shiga da ni ya zama bakina. Da farko Baturen ya ƙi ko dubana. Kukun ya yi mashi bayani a hankali, na ji yana maimaita kalmar ciyawa yana nuna bakinsa, yana nuna jakina ta taga. Daga ƙarshe Baturen ya matsa gefe ya ba ni wuri. Na sa ƙoƙo na kamo manyan karfasa biyu na jefa a tulu. Na dasa mai kaushin, na danne da duwatsu sosai. Na saki kurungu. Na jefa dutsen zogale a kusurwa, ƙananan karfasar suka yi caa a kansa, ba wadda ta kula shukar. Na ce wa kuku ya riƙa sa masu sabon ganye kullum da safe, ya cire na jiya kada ruwa ya ɓaci.

Ciyawar ta tsaya. Mako ya zagayo tana nan kore shar, har ta fara fitar da sabon tsiro. Kuku ya ce Baturen kan ja kujera ya zauna gaban akwatin, in kurungu ya kife ciki sama sai ya yi ta dariya shi kaɗai.

Da ya aiko kirana na sa babbar rigata, wadda nake zuwa Idi da ita. Baranda cike da mutane kamar ran nan, amma ciki ya shiga da ni. Daga ni sai shi sai akawu, sai kifi. Ya nuna akwatin, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Babu ɓarawo. Babu ɓarawo." Sannan ya yi magana mai tsawo. Akawu ya gyara fensirinsa.

"Ya ce ka iya. Ya ce duk ƙasar nan bai ga wanda ya san ciyawa kamarka ba."

"Sikeli fa?"

"Sikelin Kusada an riga an bayar, tun ran da ka ɓata mashi rai. Takarda ta tafi Kano, ba a dawo da ita. Amma ya ce zai ɗauke ka aiki. Ka riƙa zuwa kana duba kifin, a sa ka cikin ma'aikatan gida, kai da mai shara da mai ɗebo ruwa."

Na dubi Baturen. Murmushi yake, tsakaninsa da Allah yana ganin ya yi mani alheri. Wannan ya fi zagin ciwo. Mutum ya ga gyaɗar da nake kawowa tun farkon kaka, ya ga jakunana, ya ga mutanen da ke bina, amma abin da ya hango a jikina mai yankan ciyawa ne.

Na ce wa akawu, "Kalma ɗaya ka ɓoye. Ado. Da ka ce ado ran farko, da duk wannan bai faru ba."

Ya ce, "Ni abin da ya faɗa na faɗa. Ciyawa ya ce, ciyawa na ce. In kai ka ji abinci, kunnenka ne."

"Wadda suke so fa? Shi ya ce, ko kai ka ƙara?"

Ya kau da kai yana kallon kifi.

Na ce, "To gaya mashi wannan, kuma ka faɗa daidai, don Baba kuku na bayan ƙofa yana ji. A baranda ya kira ni ɓarawo, gaban mutane. In janyewa zai yi, ga barandar nan, ga mutanen. Aikin kifi kuwa ya ba surukinka, ya haɗa da sikeli, tun da gidanku ya iya haɗa abubuwa."

Akawu ya faɗa, ko daidai ko ba daidai ba. Baturen ya yi dariya, ya ɗaga kafaɗa, ya dubi agogonsa. Bai fita baranda ba. Na sa takalmina na fito, mutane na kallon babbar rigata suna jiran albishir. Na wuce su na kama hanyar gida.

Bayan kwana kaɗan surukin akawu ya aiko wai in sayar mashi da rumfata, tun da ga ta a kafe kuma wurin ya yi kyau. Na je Kusada da gatari da rana tsaka, na tuge ta dirka bayan dirka, na ɗora wa jakuna na kai gida. Matata ta yi girki da icenta har rani.

Daga baya, da shekaru suka ja, na sami sikeli a hannun wani Kwara, cikin baƙin fatara 'yan kasuwar nan, na zauna inuwa ni ma. Amma wannan wani ciniki ne daban, ba na haɗa shi da na kakar nan. Na kakar nan ga yadda lissafinsa ya tashi. Sikelin Kusada ya tafi. Mutanen Bauranya suka kai gyaɗarsu can, ban kuwa ga laifinsu ba, ba za su ci alkawari su ƙoshi ba. Tawa na riƙa jan ta har Kankia, zuwa sikelin wani kamfani daban, don na rantse ba zan tsaya gaban surukin akawu ko Baturen nan ba, jaki ɗaya ya gurgunce a hanyar na sayar da shi a wulaƙance. Da damina ta zagayo kurkunun ruwan tafkin da na sha ya fito mani a idon sawu, na yi noman shekarar da sanda. Sunan Sarkin Ciyawa ya bi ni har na yi furfura. Kalmar da aka jefe ni da ita a baranda kuwa tana nan inda ta faɗi, ba wanda ya fito ya ɗauke ta.

A ɗaya gefen, gefen riba, karfasa biyu da na fitar daga akwatin. Na kai gida aka sa su a miyar kuka. Matata ta ce duk ƙaya ce.